Ga mai son shawo kan 'yan gidansu a kan rigakafi da maganin asibiti

Wani matashi ya turo mini tambaya, ya nemi in sakaya sunansa. A taƙaice ga abin da ya ce: "Likita, shekara biyu ke nan ina bibiyar bidiyoyi a WhatsApp da Facebook, kuma na gamsu cewa allurar rigakafi shiri ne na Turawa don a rage mana haihuwa, maganin asibiti kasuwanci ne kawai, shugabanninmu kuma wasu 'yan tsiraru ne a waje ke juya su. Na yi wa mahaifina da yayata bayani har na gaji, sun ƙi saurarata. Yaya ta ce sai ta ci gaba da kai jaririnta allura, Baba kuma ya ƙi barin ƙwayar hawan jini ya koma kan wani haɗin gargajiya da na samo masa. Har an fara cewa na zare. Wace hanya zan bi in shawo kansu?"

Ƙanena, da farko dai ba ka zare ba. Na yi sama da shekara ashirin ina aikin rigakafi a Kano da maƙwabtanta, kuma maganganun da ka kawo na ji su daga bakin malamai, da 'yan kasuwa, da 'yan boko masu digiri biyu, mutanen da ba wanda zai ce hankalinsu da taɓi. Na kuma gane tsoro ne ya sa ka wannan naci, kana ganin za a cuci ɗan yayarka da mahaifinka kana kallo. Wannan zuciyar ina girmama ta. Amma da yake ni ka tambaya, zan faɗa maka tun daga farko cewa a maganar allura da ta ƙwayar Baba, su ne a kan daidai, kuma ba zan ba ka dabarar da za ta sa su bari ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka inda zarginka yake da tushe, da inda ya kauce, sannan in gaya maka yadda ake kai wa na gaba magana mai nauyi ba a ɓata zumunci ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa, ta ci rayuka sama da 10,000, yawancinsu yara. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda muka fi sani da Asibitin Zana, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200: rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo hakan, kuma ya nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya ta fito cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Jaridar Washington Post ta tona zancen a ƙarshen shekarar 2000, aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk Bakano da ya ce maka ba ya yarda da baƙon da ya zo da magani kyauta, ka san inda ya samo ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata a Tuskegee da ciwon tunjere ba magani, don a ga yadda cutar ke cin jiki, alhali an samu fenisilin tun ana tsakiyar binciken. A Pakistan kuma, a 2011, hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad don neman Usama bin Laden. Mu ma'aikatan rigakafi mun fi kowa jin zafin wannan, domin bayansa an kashe abokan aikinmu da dama a can, a nan Kano ma an harbe masu ɗigon foliyo 9 a watan Fabrairun 2013, yawancinsu mata masu neman abin sa wa a bakin salati. In ka faɗa wa Baba waɗannan, gaskiya ka faɗa, ni ma zan tsaya maka shaida.

Sai dai ka duba yadda aka yi muka san su. Kowanne yana da wuri, da shekara, da sunan wanda ya yi, da takardu, da iyayen da suka tsaya gaban alƙali. Gwaji a kan yara 200 a asibiti ɗaya bai yi shekara biyar a ɓoye ba. To shirin da ake cewa ana yi wa miliyoyin yara, a kowace unguwa, shekara talatin, ta hannun dubban ma'aikata Hausawa Musulmi masu ɗiga wa nasu 'ya'yan daga kwalba ɗaya, ina takardarsa, ina wanda ya tuba ya tona, ina kuma sakamakonsa?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi sauƙin amsawa, don ba sai ka je ɗakin gwaje-gwaje ba. A 2003 aka yi ta cewa an zuba maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna. Dakta Datti Ahmad, likita kuma shugaban majalisar ƙoli ta harkokin shari'a a lokacin, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano kusan shekara guda. An tura tawaga zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya a ga yadda ake yin maganin, aka gwada shi, sannan a watan Yulin 2004 Kano ta dawo da rigakafin da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Yau shekara ashirin ke nan da ɗoriya. 'Yan matan da muka ɗiga wa a wancan lokacin, wasu sau goma wasu fiye, su ne matan aure yanzu. Ka leƙa gidajen suna na unguwarku ranar Asabar ka ƙirga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, sama da matsakaicin ƙasa na 5.3, kuma nan ne yankin da aka fi ko'ina yawan zagayen foliyo. Ƙidayar 1991 ta ba mu kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba mu miliyan 140, yanzu mun haura miliyan 200. Yayarka da kanta an yi mata waɗannan alluran tana ƙarama, ga shi tana goyo.

Abin da dakatarwar ta haifar kuwa mun gan shi da ido. Yaran da shan inna ya nakasa a Najeriya sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Ƙwayar cutar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya, inda ta nakasa ɗaruruwan yara, alhali Indonesiya ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Akwai wani gida da ba na mantawa. Maigidan ya tare mu a zaure, ya ce mini, "Likita, in na kai ɗana asibiti da zazzaɓi, ko farasitamol sai na saya. Wannan kuwa kun biyo ni da shi har gida, kyauta, wata bayan wata. Me ya sa?" Tambayarsa tana da ƙarfi, kuma har yau ina ganin laifinmu ne da na gwamnati da aka bar ƙananan asibitoci ba magani ana ta zagaye da akwatin sanyi. Na yi masa bayani cewa duniya ce ta haɗa kuɗi don a kawar da cutar gaba ɗaya kamar yadda aka kawar da agana a 1980, bai gamsu ba, muka rubuta alamar ƙin amincewa da alli a bangon gidan muka wuce. Bayan wasu watanni aka kira ni ɗaukar samfurin bayan gida a wannan gidan. Yarinya ce 'yar shekara biyu, ta yi zazzaɓi kwana uku, da aka tsayar da ita sai ƙafar dama ta lanƙwashe kamar igiya. Uwar tana ta matsa mata cinyar tana tambayata ko akwai allurar da za ta dawo da ita. Babu. Mahaifin ne ya rako mu har bakin mota, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ba zan ɓoye maka cewa rigakafi yana da nasa illolin ba. Allurar da ake yi wa jariri a cinya a mako na 6 da na 10 da na 14 takan kawo zazzaɓi da kumburi kwana ɗaya ko biyu. Ɗigon foliyo ƙwayar cuta ce da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su karɓa ba, takan yi ta yawo a tsakaninsu har ta sake ƙarfi ta nakasa wani. Shi ya sa ko bayan an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020, har yanzu kake ganin ana zagaye. Wannan a rubuce yake, mu muke kai rahotonsa. Amma ka ɗora shi a sikeli ɗaya da abin da muka gani a 2023, lokacin da mashaƙo ya ɓarke kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Yaro ya zo wuya a kumbure, farin yaɗi ya rufe maƙogwaro, yana jan numfashi da ƙyar. Ka tambayi uwar katin allura, sai ta sunkuyar da kai. Mafi yawan yaran da suka kamu ba su kammala rigakafi ba, kuma rigakafin mashaƙo yana cikin waccan allurar ta cinya da kake so yayarka ta bari.

Maganar Baba ta fi gaggawa. Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum zai ajiye ƙwaya ya ji garau wata biyu, ya ce ai haɗin ya karɓe shi, sannan a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, ko ƙoda ta tsaya. Ni ba mai raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muka fi dogara da shi yau daga wani tsiro dangin tazargade aka ciro shi a Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin gargajiya. Bambancin shi ne an auna su, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Haɗin da ka samo, wa ya auna shi? Ko da ka ga lambar NAFDAC a jikin kwalbar, karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. In kana so a gwada shi da gaske, ka ɗauki kwalbar ka raka Baba wurin likitansa, a duba ko zai yi karo da ƙwayar da yake sha. Ka sayi na'urar awon jini, yanzu ana samunta a kemis, ka riƙa auna masa safe da yamma kana rubutawa a littafi. Amma kada ka sa shi ya ajiye ƙwayar ko na kwana ɗaya. In wani abu ya same shi, kai ne za ka kwana da abin har ƙarshen rayuwarka, wanda ya yi bidiyon kuwa bai ma san da kai ba.

A kan siyasa ba zan tsananta ba, don a nan kuskure ba ya kwantar da yaro a asibiti, kuma ba fannina ba ne kamar lafiya. Ƙasashen waje suna sa hannu a harkokinmu, wannan ba ɓoyayye ba ne. An kashe Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, a 1961, kuma a 2001 kwamitin majalisar Beljiyam ya amince ƙasarsu tana da alhaki a ciki. Amurka da Ingila sun kifar da gwamnatin Musaddiƙ a Iran a 1953, kuma a 2013 takardun Amurka suka tabbatar. Tsarin SAP na tsuke bakin aljihu da Babangida ya shigo da shi a 1986 bisa tsarin Bankin Duniya da asusun ba da lamuni, Baba ya fi ka sanin yadda ya karya darajar naira, don a jikinsa ya ji. In da irin waɗannan za ka zo masa, ina tabbatar maka zai gyara zama. Abin da ke sa manya su kau da kai shi ne "wasu mutane" marasa suna da suke juya komai daga ɓoye. Ni kuma abin da ke damuna da wannan tunanin, yana sa matashi ya daina tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa ina kuɗin asibitin unguwa suka shiga, tunda ai komai daga waje aka tsara.

Yanzu ga hanyar da ka tambaya. Kafin ka je wurin kowa, ka zauna kai kaɗai ka ɗauki magana ɗaya tak daga cikin waɗanda ka yarda da su, ka bi sawunta. Mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata wannan ya yi mana wuya ba: wa ya faɗa, daga wa ya ji, an san shi da gaskiya, me yake sayarwa? Allah ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu yi bincike in labari ya zo mana, kuma ya zo a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ɗauki bidiyon nan da ake yawo da shi na Bill Gates yana cewa rigakafi zai rage ƙaruwar jama'a. Jawabi ne da ya yi a 2010, kuma in ka nemi cikakken bayaninsa, abin da yake nufi shi ne iyaye sukan rage yawan haihuwa da kansu in suka ga 'ya'yansu sun daina mutuwa. Kana iya ƙin ra'ayinsa, amma ba abin da aka ce maka ya faɗa ba ne. Haka zancen cewa 5G ce ta kawo korona: cutar ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020, kamfanonin waya kuwa sai 2022 suka fara sayar da 5G a ƙasar. Haka zancen allurar ƙyanda tana jawo galahanga: daga binciken wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya fito a 1998, a kan yara 12 kacal, kuma a 2010 mujallar da ta buga binciken ta janye shi, aka kuma soke masa lasisin aiki.

Sannan ka tambayi kanka wata tambaya mai wuya: me zan gani in yarda na yi kuskure? In amsar ita ce babu, to kada ka yi mamaki in su ma suka ce babu. Ra'ayin da kowa ya ƙi yakan zama gaskiya wani lokacin. Likitocin duniya sun yi ta cewa damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, wani likitan Ostireliya, Barry Marshall, ya ce ƙwayar cuta ce, aka ƙi saurarensa. A 1984 ya shanye ƙwayar da kansa, ya kamu, aka duba cikinsa aka gani, wasu suka maimaita binciken suka samu abu ɗaya, a 2005 aka ba shi Nobel tare da abokin aikinsa. A jikinsa ya gwada, bai gwada a jikin ɗan yayarsa ba.

In ka gama wannan, kuma akwai sauran abin da ya tsaya da ƙafarsa, to ka kai shi yadda ake kai wa manya magana. Ka daina jefa bidiyo a zauren WhatsApp na dangi, domin duk wanda ka ƙure a gaban surukai da ƙanne, ko ya gane gaskiyarka ba zai amsa ba. Ka sami Baba shi kaɗai bayan la'asar, ka ce, "Baba, na ga wani abu ya tsaya mini a rai, ina so ka duba mini." Ka tambaye shi yara nawa ƙyanda ta kashe a gidansu yana yaro, ka tambayi Hajiya su nawa aka haifa su nawa suka rayu, ka tambaye su masu zanen agana a fuska da suka sani, me ya sa ba a ganin sababbi. Kada ka yi tambayar don ka kafa tarko. Sun ga zamanin da ba allura, kai ba ka gan shi ba, kuma ina kyautata zaton a nan taurin kansu ya samo asali. In sun saurare ka suka ce a'a, ka karɓa, kada ka mayar da kowace gaisuwa muhawara, kada ka kira su makafi ko waɗanda aka wanke wa ƙwaƙwalwa.

Jaririn kuwa yana da uwa yana da uba, su ke da hukunci a kansa. Kada ka bi ta bayan yayarka ka zuga mijinta, kada ka ɓoye yaron ranar da masu ɗigo suka shigo layi, kada ka ɓatar da katin. Abin da nake so ka yi shi ne, ranar da za ta kai shi allura ta gaba, ka ce za ka raka ta. Ka nemi ma'aikaciyar ta nuna maka kwalbar, ka karanta sunan kamfanin da ƙasar da aka yi ta, za ka ga da yawansu daga Indiya ko Indonesiya suke. Ka duba ranar ƙarewar aiki, ka duba ɗan tambarin da ke jikin kwalbar mai murabba'i a cikin da'ira, wanda yake duhu in zafi ya lalata maganin, in ya yi duhu ka ce ba ku yarda ba, haƙƙinku ne. Ka tabbatar sabon sirinji aka ɓare a gabanku. Ka tambaye ta ko nata 'ya'yan sun karɓa. Duk abin da ka gani ko aka faɗa maka da bai kwanta maka ba, ka rubuto mini shi da sunan allurar da lambar da ke jikin kwalbar, in Allah ya yarda zan bi maka sawunsa in dawo maka da abin da na samu.